Bututun Da Babu A Taswira

Ranar da ya fara ganinta, faɗa ne ya kai shi. Ya banko ƙofar kwantenar da aka mayar ofis, hular kwano a hammata, takalma duk laka, yana tambayar wa ya sa wa wurin aikinsa jan launi a kwamfuta.

"Ni ce," in ji wata budurwa daga bayan allo, ko kai ba ta ɗago ba. "Koma ka goge ƙafarka tukuna."

Ya koma ya goge. Shi ne injiniyan da ke kula da ginin gadar sabuwar hanya. Ita kuma ita ke riƙe da manhajar da ke nuna duk abin da ke binne a ƙasa: bututun ruwa, wayoyin wuta, kebul na kamfanin waya. Inda ba a ɗauke su an canza musu wuri ba sai ta sa ja, katafila ba ta isa ta taɓa ƙasar ba. Inda aka gama sai ta sa kore.

"Wayar wuta na tsakiyar ramin da kake son haƙawa," ta ce, ta juyo masa allon. "In kana son ku gaisa da ita, bismilla."

Sai a lokacin suka haɗa ido. Bawan Allah ya nemi maganar da ya haddato tun daga bakin gada, ya rasa. Ya ce to ya gode, ya fice, ya bar hularsa a kan teburinta.

Tun daga ranar hular nan kullum a ofishinta take ɓata. Ta raɗa masa Sarkin Gaggawa, shi kuma yana ce mata Danjata, saboda jan launin nan nata mai tsayar da aiki.

"Danjata, yau sau uku na buɗe manhaja. Ba don aiki ba, don in ga sa hannunki a ƙasan taswira."

"Sarkin Gaggawa, ka dai ci abinci? Masu wuta sun gama, gobe zan sa maka kore. Kar ka saba."

Bayan wata biyar ta ce ya zo ya gaida mahaifinta. Ya ci ado, ya zuba turare har da na masifa, ya durƙusa a falo. Baba, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana shimfiɗa bututu a kamfanin ruwa kafin ya yi ritaya, ya daɗe yana kallonsa.

"Ba kai ne na bakin gada ba?"

Nan take ya tuna. Sati biyu da suka wuce wani dattijo ya shigo cikin shingen aiki, yana cewa akwai babban bututu daidai inda za a kafa ginshiƙi na uku. Shi kuwa yana tsakiyar waya da manaja, sai ya ce, "Baba, babu shi a taswira," ya sa mai gadi ya raka shi waje.

"Yaron da ya kasa sauraren babba na minti biyu, ta yaya zai saurari mace shekara da shekaru?" in ji Baba. "Tashi ka tafi. Ni ba sai na kira mai gadi ba."

Umma ta yi roƙon duniya, Baba ya shafa wa idonsa toka. Gwaggon budurwar kuwa ta samu ƙofa, ta fara tallan ɗanta mai shagon tayal. Ita kanta budurwar ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Ubana ka sa aka kora?" ta tambaye shi a waya.

"Wallahi ban san shi ba ne."

"Da uban wata ne, ba komai ke nan?"

Ta kashe wayar.

Da ta huce kaɗan, ta zaunar da Baba ta tambaye shi. Ya ce shekarar da aka haife ta suka binne bututun, shi ke ba asibiti da unguwanni uku ruwa, takardunsa kuma ambaliya ta cinye su a tsohon ofis. Manhaja kuwa abin da aka ba ta shi ta sani. Wurin kore ne shar, ranar Litinin katafila za ta shiga. Ta ɗauki waya ta kira injiniyan.

"Ban yafe maka ba tukuna. Amma Baba ya ce bututun asibiti ne, kuma Baba ba ya ƙarya. Ni ba ni da ikon sa ja sai da hujja. Kai kana da ikon tsayar da katafila."

Litinin da safe ya tsayar da ita, ya ce da shebur za a haƙa. Manaja ya yi tsalle ya dire. "Kwana biyu na ba ka. In ba ka samu komai ba, ka nemi wani aikin."

Ranar farko leburori suka wuni, ba komai sai jar ƙasa. Washegari har azahar haka. Ya fito daga ramin da lakarsa, ya nufi gidansu, ya sake durƙusawa a falon nan.

"In don aure ka zo, ka yi asarar man mota," in ji Baba.

"Baba, ina son auren, ba zan ɓoye maka ba. Amma yau bututun na zo nema. Na raina maganarka, na yi kuskure. Ka taimaka ka zo ka nuna mana."

Baba ya leƙa tsakar gida ya ce wa Umma ta miƙo masa takalmansa.

A bakin shinge injiniyan ya ɗora masa hula da hannunsa. Baba ya leƙa ramin ya ja tsaki. "Daga bakin wannan titin kuka auna? Ai sau biyu ana faɗaɗa shi. Ku matsa taku bakwai."

Dab da la'asar shebur ya bugi ƙarfe. Injiniyan ya dira cikin ramin, ya riƙa yaye ƙasa da tafin hannu a hankali, har baƙin bututu ya bayyana, kaurinsa ya fi ganga. Leburori suka kaure da ihu. Tana tsaye a bakin ramin ta ɗauki hoto, ta sa ja, hawaye na ɗiga a kan allon. Manaja ya zo ya leƙa, ya miƙa wa Baba hannu biyu.

Sati uku Baba yana taka hanyar nan da ƙafa, yana nuni da sanda, 'yarsa na shigarwa a manhaja, injiniyan na biye da kujera da gorar ruwa. Suka gano wasu bututu huɗu. Kamfanin ruwa ya canza musu wuri, ko awa ɗaya ruwa bai ɗauke a asibiti ba. Gwaggo dai ta naɗe tallanta.

Bayan ginshiƙi na uku ya tsaya aka ɗaura aure. Da jama'a suka rage, Baba ya kira su ciki. Ta zauna kanta a sunkuye, angon na gefenta.

"Ina kallonka ranar nan a cikin rami," in ji Baba. "Kana da katafila, amma da hannu ka bi, don kar ka fasa abin da ba ka gama sanin yadda yake ba. Ita ma ba ka gama saninta ba. Ka bi ta a hankali."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Umma ta ce amin tana share ido. Baba ya ɗauki hannun 'yarsa ya ɗora a cikin na angon, sannan ya juya fuskarsa ga bango don kar su ga tasa ƙwallar.