Uwar Baftismar Citlali

"Wa kika ba amsar?" Fermín ya tambaye ni a ƙofar kicin, ko jakar tafiyarsa bai sauke ba.

Na ce masa mamarsa. Ita ta roƙe ni in zama uwar baftismar 'yarsa Citlali, ni kuwa ban bari ta rufe baki ba na amince. Cikin murna nake ba shi labari. Tun da na baro Romaniya na zo Puebla ta ƙasar Meksiko karatun jinya, na kama haya a gidansu, ba a taɓa karrama ni irin haka ba.

Ya ajiye jakar a hankali.

"Ilinca... kin san abin da kika ɗauka kuwa?"

Nan ya warware mini. Duk matar da ta riƙe yaro a gaban ruwan baftisma ta zama komadre ga ubansa, wato 'yar'uwarsa a gaban Allah. A danginsu ba a auren komadre. Wasu 'yan birni sun daina kula da wannan, amma ban da gidan mamarsa, Doña Eulalia.



Matar Fermín wurin haihuwar Citlali ta rasu. A hannuna yarinyar ta fara dariya, a kafaɗata ta yi zazzaɓin haƙori. Ban san ranar da son ubanta ya shige ni ba, na dai wayi gari na gan shi ya yi kaka-gida. Mun ɗauka ba wanda ya sani.

"Ki ce a'a kawai, abar ƙaunata," ya ce. "Gobe ne baftismar, amma da sauran lokaci. Zan je wurin Fada in ce ƙanwata Noemí za ta riƙe ta."

Na wuce tsakar gida, inda Doña Eulalia ke juya miyar mole a babbar tukunyar ƙasa, mata na kewaye da ita suna naɗe tamale, wato ƙullin masara a cikin ɓawonta. Tana ganin fuskata ta sallame su.

"Da gangan kika yi, Doña Eulalia?"

"Da gangan, 'yata."

Ko kaɗan ba ta yi musu ba. Ta ci gaba da juya miyarta, sannan ta tambaye ni ina na nufa in na gama karatu.

Ta riga ta sani. Babana yana can ƙauyenmu shi kaɗai, ɓarin jikinsa ya shanye, maƙwabciya ce ke duba shi kafin in dawo. Ni kaɗai ya haifa, kuma na yi masa alkawari.

Ta ce idan na auri ɗanta na tafi da su biyun, ita an binne ta da ranta. Idan kuma na zauna, tsohona zai mutu yana kiran sunana, wata rana in kalli Fermín in ga shi ne sanadi.

"Ba ƙin ki nake ba," ta ce, hawaye na bin kuncinta. "Abin da zan iya ba ki ne na ba ki. Aure yana mutuwa, 'yata. Wannan ba ya mutuwa."

Na so in ji haushinta, na kasa.

Na koma wurin Fermín na tambaye shi ko zai bi ni Romaniya. Ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon tsohuwar da ta duƙa a kan tukunya. Da ya juyo, shi ma ya tambaye ni ko zan zauna. Muka tsaya muna kallon juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi ƙarya. Ba wanda ya yi.

Washegari ni na sa wa Citlali farar rigarta. A coci na rungume ta a ƙirjina, kyandir na ci a hannun kawunta. Fada ya tambaye ni ko na yarda in tsaya wa yarinyar nan muddin raina. Fermín yana gefena, ina jin numfashinsa.

Na ce na yarda.

Ruwa ya sauka a goshinta, ta callara kuka, dangi suka yi dariya suna cewa huhunta lafiya lau. Ni ma na samu hanyar yin nawa kukan, kowa ya ɗauka na farin ciki ne.

A gida aka cika maƙil. Makaɗa suka saki kiɗa, aka zuba mole a kan naman talo-talo, gwaggwanni suna ta rungumata suna ce mini yanzu na zama tasu. Noemí ce kaɗai ta matse hannuna.

Can Fermín ya taso a gaban jama'a, kamar yadda ake yi. Ya cire hularsa, ya tsaya nesa da ni kaɗan.

"Na gode... komadre."



"Allah ya raya mana ita, kompadre," na ce.

Da na gama karatu na koma gida. Na yi jinyar babana har ya cika a hannuna, kuma ban taɓa nadamar wannan ba.

Citlali ta shiga makaranta yanzu. Duk Lahadi bayan coci sai ta kira ni ta bidiyo, ta nuna mini haƙorin da ya fita, ta kawo mini ƙarar kakarta. Ubanta ne ke riƙe mata wayar. Ba ya leƙowa, ba ya magana. Sai dai ina ganin ɗan yatsansa a gefen hoton, kuma bai taɓa ce mata ta yi sauri ba.