Jar Wutar da Silas Bai Kashe Ba

Silas ya manta bai tsayar da rikodin ba, daga nan komai ya lalace.

Shi ne mai ɗaukar murya a situdiyon Oga Kingsley da ke Karmo, ɗaki ne ba taga, an manne bangonsa da soso. Oga ya biyo gwamnati daga Legas zuwa Abuja da kayansa. Kwamfuta tasa, makirfo nasa, duk kiɗan da Silas ya haɗa tun zuwansa yana cikin faifan ajiyar kwamfuta da Oga ke kullewa a durowa.

Ranar da Hannah ta zo daga Ushafa ɗaukar waƙoƙin coci, ta tsaya bayan gilashi ta sa hedifon a karkace. Tana buɗe baki Silas ya saki linzamin kwamfuta.

"Injiniya, na yi kuskure ne?"

"A'a. Sake dai."

"To me ya sa zan sake?"

"Don in ƙara ji."

Tun daga ranar take kiransa Injiniyana, shi kuma Muryata. Da suka gama waƙar ƙarshe, ya danna maɓallin magana ya faɗa mata abin da ke ransa. Jar wutar rikodin tana nan a kunne.

Oga ma yana son Hannah. Shi ya ɗora waƙoƙin a faifan da aka kai Ushafa, ya bar farkon maganar Silas a wutsiyar waƙar, ya yanke sauran. Ranar Lahadi, gaban jama'a, lasifikar coci ta gama waƙa, sai ga muryar namiji: "Muryata, ina son ki." Sai dariyar Hannah. Sai shiru.

Baba Yamusa, mahaifinta, dattijon coci ne. A wurin ya yanke hukunci: ba Karmo, ba waƙa. Ta zauna gida tana taya uwarta ginin tukwane.

Saƙonta ya shigo wayar Silas: "Injiniyana, ko rijiya ba na zuwa ni kaɗai. Baba ya ce ka mai da ni abin wasa a ɗaki rufe. Ka faɗa masa sauran maganar mana."

Ya amsa: "Na je, ya ƙi fitowa. Ya ce shi abin da kunnensa ya ji ya sani. Ki ci abinci, Muryata."

Sauran maganar tana cikin asalin fayil, fayil yana cikin durowa. Silas ya ci gaba da zama a ɗakin soso yana gyara muryoyin wasu, yana kallon durowar nan. In ya tafi, ya bar aikinsa. In ya zauna, ya bar Hannah.

Wata safiya ya tare Oga.

"Oga, asalin fayil ɗin Hannah nake so. Wanda ba a yanke ba."

Oga ya yi dariya. "Lover boy! Zan ba ka. Amma ka fita da shi kaɗai. Bit ɗinka, kiɗan da ka haɗa, duka nawa ne, sunanka ba zai hau ko ɗaya ba."

"Na ji."

"Ka yi tunani fa."

"Na gama. Buɗe durowar."

Ya isa Ushafa da filash a aljihu da ƙaramar sifika ta aro. Ya durƙusa a ƙofar gida ya kunna da ƙarfi, tunda Baba ya ƙi fitowa.

"Muryata, ina son ki." Dariya. Sai muryarsa ta ci gaba: "Amma ko hannunki ba zan riƙe ba sai na durƙusa gaban Baba." Sai ta Hannah: "Ka shirya gwiwarka, Babana ba ya sauri."

Labule ya motsa. Baba Yamusa ya fito yana ɓoye murmushi.

"Ni ne ba na sauri? Tashi, ɗana. Wa ya yanke wannan?"

"Wanda ya yanke ya riga ya karɓi rabonsa, Baba."

Bayan girbi aka ɗaura aure a cocin nan, ta lasifikar nan Baba ya sa musu albarka, Hannah ta yi waƙa har uwarta ta yi kuka. Allah ya ba su zaman lafiya.

A motar da ta ɗauko su zuwa sabon ɗakinsu, rediyo ya saki wani kiɗa da Abuja duka ke rawa da shi. Mai gabatarwa ya ce aikin Oga Kingsley ne. Silas ya san kowane bugun ganga a ciki.

"Injiniyana, a kashe?"

Ya riƙe hannunta. "Bar shi ya ƙare. Rugugin bes ɗin ya yi yawa, ba haka na bar shi ba."