Fuskar da ke Allon Mai Aski

"Fadilatu, kin tona mana asiri!" Kamil ya faɗa tun daga bakin ƙofa, hannunsa duk baƙin man garejin da yake aiki a unguwar Magazin. "Duk unguwar Aboabo zancenmu ake yi!"

"Haba masoyina, allon aski fa kawai na zana wa Sanni..."

"Kawai? Duk kan da ke allon nan nawa ne!"

Ta sunkuyar da kai. Gaskiya ya faɗa. Sanni mai aski ya ce ta zana masa kawunan maza da aski iri-iri, ita kuwa baiwar Allah duk inda ta kai buroshi sai dogon hancin Kamil ya fito, da girarsa ta hagu mai ɗagewa in zai yi dariya. To laifinta ne da Allah ya yi shi kyakkyawa?

"Mma ta ce ba zan auri yarinyar da ke ƙare wa maza kallo ba," ya ce a hankali. "Tana can gaban shagon."

Ta ajiye buroshi ta bi shi. Kamil bai taɓa tsallake maganar uwarsa ba.

Suka tarar da Mma Ajara tsaye ƙyam gaban allon, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Ke ce mai fentin?"

"Ni ce, Mma. Ki yi haƙuri, yanzu zan shafe..."

"Wa ya ce ki shafe?" Ta nuna fuskar da ke gefe. "Wannan girar... wa ya nuna miki?"

"Haka Kamil yake yi in zai yi dariya."

"Haka ubansa yake yi." Mma ta matsa kusa da allon. "Ambaliyar da ta ci ɗakinmu ta tafi da hotunan marigayi kaf. Wallahi har fuskarsa ta fara ɓace min. Ni na haifi yaron nan, amma ban taɓa ganin ubansa a fuskarsa haka ba sai yau."

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Za ki iya yi min wannan a ƙaramin allo? Ki sa masa furfura a gemu, ki ɗan cika kumatun."

"Zan iya, Mma... in za ki zauna kusa da ni kina gaya min."

Mma ta kama hannunta, da fenti da komai, ta juya ta harari ɗanta.

"Kai kuma me kake tsaye yi? Je ka ɗauko wa matarka kayan aikinta!"