Mai Shafa Iska

"Wannan ke ce ko ba ke ba ce?"

Umman Kafinta ta turo mini wayar har kan hancina. Kafinta shi ne wanda zan aura, saura wata biyu. A falonsu nake zaune, shi kuwa yana raɓe a bakin ƙofa kamar kazar da ruwa ya yi wa duka.

Ni ce a bidiyon. Idona a rufe, ƙafa ɗaya a gaba, hannuwana na tashi sama a hankali.

"Ni ce, Umma."

"Innalillahi! Ko musu ba ki yi ba? Mutum da hankalinsa ya tsaya yana shafa iska?"

A gefe 'yar gwaggonsa, wadda dangi ke kira Rediyo, tana ta gyaran ɗankwali tana matse dariya. Ita ta leƙa ta taga ta ɗauke ni. Ta daɗe tana son Kafinta, kowa ya sani, har kyanwar gidan.

Wata takwas da suka wuce mota ta kife da mu a hanyar dawowa daga aiki. Ƙashin ƙuguna ya haɗe, amma tsoro ya ƙi fita. Mota na danna hon, jikina zai ɗauki rawa, numfashi ya sarƙe. Likita ce ta tura ni wani ɗaki a bayan asibiti, mai madubi bango guda da tabarmin roba, inda wata Malama ke koyar da motsa jiki a nitse. "Ja numfashi, ƙirga huɗu. Sake shi, ƙirga shida. Ba wanda ya biyo ki." Da wannan na ajiye sandar da nake dogarawa, da shi na koma yin barci.

Duk na zayyana wa Umma. Ta taɓe baki.

"Ko ki bar haukan nan, ko a fasa. Ba zan kawo mai taɓin hankali cikin zuri'ata ba."

Na miƙe na yi mata sallama. Ya biyo ni har bakin titi.

"Zuciyata, tsaya mana... Sati uku kawai! Ki dakata da zuwa har ƙura ta lafa."

"Sati uku?"

"Don Allah, 'yar lelena. Kin san halin Umma."

"Kai ka sassaƙa mini sandar nan da hannunka. Kana tsaye ranar da na ajiye ta, har da hawayenka. Yau kai ne kake so in koma kanta don kada Rediyo ta yi dariya?"

Ya waiwaya wajen gidansu. Waiwayen nan ya fi maganar Umma zafi.

Na zare zoben da ya ba ni na danƙa masa.

"Wallahi ina sonka, son da yake mini ciwo. Amma lafiyata ba abin kunya ba ce. In shafa iska hauka ne, to ni da hauka mutu-ka-raba!"

Kwana biyar ina kuka, ba zan ɓoye ba. Amma ko aji ɗaya ban fasa ba. Da kumburarrun idanu nake zuwa in ɗaga hannuna.

Ranar Laraba na makara. Ina tura ƙofa na ji tsofaffin ajinmu, masu ciwon baya da gwiwa, suna ta ƙyaƙyata dariya. Can ƙurya ga wani ƙato da wandon aiki, garin katako har a gashin ido, ya ɗaga hannuwa a sandare, gumi na zuba.

"Malam, ba katako kake ɗagawa ba!" in ji Malama. "Sassauta kafaɗar nan!"

Kafinta ne. Ya jingina wayarsa a jikin taga, tana ɗaukarsa.

"Me ya kawo ka?" na ce, ina ɗaure fuska.

"Jiya na fara, bayan kun tashi. Ashe wuya gare shi! Na raina abin da ban sani ba, ki yafe mini." Ya nuna wayar da haɓa. "Bidiyon jiya na tura wa Umma da Rediyo. Na ce mahaukata sun zama biyu. Ko a haɗa su gida ɗaya, ko a yi jinyar kowa daban."

"Me Umma ta ce?"

"Ta wanke ni tas. Da ta gaji, sai ta ce in tambayo ko abin yana maganin gwiwa."

Tsofaffi suka sake kwashewa da dariya. Ni ma ta kufce mini, ga hawaye.

Ya laluba aljihu ya fiddo zoben. Hannun da ke riƙe zarto ko gezau, yau saura kaɗan zobe ya suɓuce masa.

"Zuciyata..."

"Ja numfashi," na ce. "Ƙirga huɗu."

Ya ja.

"Sake shi."

Sai da na bari ya kai shida cif, sannan na miƙa masa yatsana.