Darasin Ƙarshen Duniya

Malamar Turanci ce ta haɗa su benci ɗaya, a wata cibiyar koyon harshe da ke saman shagon tayoyi. Shi mai gyaran firiji ne, ya zo don ya riƙa gane takardun da ke zuwa da injuna. Ita kuwa a kantin magani take aiki, Auta ake ce mata a gida. Kallo ɗaya ya yi mata ya manta a wane shafi ake.

Darasin zangon babu abin soyayya a cikinsa ko kaɗan. Malama ta cika allo da masifun duniya, daga yaƙin nukiliya har sauyin yanayi. Tsarinta shi ne kowa ya gina jimla da sabuwar kalma, ya tura wa abokin bencinsa ta waya.

Saƙonsa na farko ya ce: "Drought, wato fari. Duk ranar da ba ki zo aji ba, fari ake yi a zuciyata."

Ta amsa: "Malama ta ce da Turanci za a yi jimlar, Mai Firiji."

"Turancina bai kai nauyin maganar ba tukuna, Autata."

Bawan Allah, sai da ya mayar da bam ɗin nukiliya ma kalmar zance. Auta ta yi ta dariya, har ta wayi gari ba ta iya fara aiki sai ta ga saƙonsa.

Ranar da Malama ta rubuta displacement a allo, ta ce ma'anarta raba mutane da muhallinsu, dariyar ta ɗauke. Bayan an tashi ya same ta zaune a matakala, idanunta sun kaɗa.

"Ashe abin da ya same mu yana da suna," ta ce. "Ambaliya ce ta ci gidanmu. A kafaɗa Baba ya fito da ni, ruwa har wuyansa. Tun ranar ya rantse sai ya fitar da ni daga ƙasar nan."

Sai ta gaya masa sauran. Ɗan aminin Baba likita ne a wata ƙasa mai nisa, yana neman aurenta. Ba za a ba ta izinin zama can ba sai ta ci jarrabawar Turanci ta baki, shi ya sa ma aka sa ta a wannan aji.

Kowace kalma da ya taya ta haddacewa, ashe hanyar barinsa yake share mata.

Ya wanke hannunsa tas, ya je ya durƙusa gaban Baba. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Ba sana'arka na raina ba, ɗana. Amma ka iya hana ruwa zuwa? Ka iya hana rana ƙona gari? Na ga 'yata a bakin mutuwa sau ɗaya, ba zan sake gani ba. In kana sonta, ka taimaka mata ta tafi."

Ya fito ba ya ganin gabansa sosai. Abin da ya fi ci masa rai, ya kasa cewa tsohon ya yi ƙarya.

Daga ranar saƙonninsa suka bushe. "Radiation. Famine. Sea level. Ki maimaita su da ƙarfi, gobe zan tambaye ki." Babu Autata, babu zolaya. Yana tura su ba da son ransa ba, ita kuma tana karantawa tana ganin ya ƙosa ne ta tafi.

Da abin ya ishe ta, ta same shi a shago, kansa cikin bayan wani firiji.

"Har haka ka gaji da ni? Ka fi Baba ma son in ci jarrabawar nan!"

"Auta, ni fa abinci ma ba ya wuce mini."

"To shi ke nan, zan faɗi da gangan. In suka tambaye ni sai in yi shiru kamar ban taɓa jin Turanci ba."

Ya ajiye sukudireba, ya fuskance ta. "Kada ki yi mini haka. In kin faɗi, ba ni kika zaɓa ba, hanya ce ta toshe. Duk ranar da hadari ya haɗu zan riƙa kallon fuskarki ina cewa ni na tsare ki. Ki ci, masoyiyata. In ƙofa ta buɗe, sai ki yi abin da zuciyarki ta ce."

Ta fashe da kuka. Shi ma ya juya baya yana goge fuska da hannun riga, wai ƙura ce.

Haka suka ci gaba, yana tambaya tana amsawa, kowannensu kamar mai haƙa ramin kansa. Ranar jarrabawa ya raka ta har bakin ƙofa, ya koma shago ya kasa ɗaure ko ƙusa ɗaya.

Da sakamako ya fito, saƙonta gajere ne: "Na ci. Kada ka ce komai tukuna."

Baba na cikin murna ta zauna a gabansa.

"Baba, na yi abin da ka ce. Amma na haddace kalmomin nan kaf, babu ɗaya da ta nuna garin da za a tsira. Can ma daji na cin wuta, can ma teku na shiga gidaje, kuma manyan bama-baman su suka fi kusa da su. In tsoro ne, ko'ina akwai. Ka bar ni in ji nawa kusa da kai, kusa da mutumin da ya koya mini hanyar barinsa yana kuka."

Baba ya dafa kanta. Sannan ya ce, "Kira mini Mai Firijin nan."

Likita ya ji haushi, aminin Baba ya yi fushinsa ya huce. Aka ɗaura aurenta da Mai Firiji, 'yan aji suka zo har da Malama, wadda ta yi ta bugun ƙirji wai ita ta haɗa.

Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannun angon gam, hawaye na bin gemunsa.

"Da ta tafi ƙasar can, ni kaina ban san yadda zan dawo daga filin jirgi ni kaɗai ba," ya ce. "Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku a inda kuke. Ka riƙa kawo mini ita ina ganinta."