Sunan da Ummi Ta Ba Ɓoyayyar Hanya

Rana ta sauka bayan rumbunan maƙwabta a Talata Mafara, Taiba tana tankaɗe a tsakar gida, mijinta Maikuɗi kuma yana durƙushe a zaure bayan sabuwar kwamfutar da ya ɗauko daga Gusau, irin mai akwati daban da allo daban. Tun da ya bar aikin koyarwa ya mai da zauren shago, don buga takardu da cike wa mutane fom. Kwana huɗu ke nan yana fama da ita. Tana kunnuwa, tana bugu, tana komai, amma ta ƙi kama waifai, wato intanet marar igiya. Ga 'yar na'urar waifai ɗin a kan tebur, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba. Wayarsa ta kama, wayar matarsa ta kama, ita dai kwamfutar ta kafe.

Ya kashe ya kunna har yatsansa ya gaji. Ya zare wayoyi ya mayar. Ran kasuwa ya kira Barau mai gyara, wanda bai yi minti biyar ba ya zaro eriya biyu daga cikin kwalin da aka jefar, har yanzu suna cikin ledarsu, ya murɗa su a bayan akwatin suka tsaya kamar ƙahonin akuya. Sunayen waifai na unguwa suka fito reras, ban da na gidan. Barau ya ce direba ce babu.

"Ita ma sai an ɗauko mata direba?" in ji Maikuɗi. "Ina za ta?"

Barau ya yi dariya, ya ce manhaja ce, ya zuba mata ita daga filashinsa, ya gyara kwanan wata da agogo, ya sa ta manta hanyar ta sake nema. Sunan gidan ya fito. Suka sa lambar sirri, 'yar da'irar nan ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, sannan ta tsaya babu komai. Barau ya sosa ƙeya ya ce zai dawo da wani ɗan ƙarfe da ake soka mata, sai dai a jira mako.

Mako kuwa shi ne abin da Ummi ba ta da shi. Ita ce 'yarsu ɗaya tilo, shekararta goma sha tara, kuma saura kwana uku a rufe fom ɗin makarantar koyon jinya da take ta mafarki. Da uban ya fita sallar magariba sai ta zauna gaban allon. Uwar ta ce mata ta bar zaure, almuru ta yi, Ummi ta ce yanzu-yanzu. A can ƙasan jerin sunayen ta ga wata hanya da ba ta da suna, sandunanta cike taf, kwamfutar ta rubuta da Turanci cewa ɓoyayya ce. Ta danna. Aka ce ta sa suna. Sunan hanyar ake nufi, amma ita ba ta sani ba, ta ɗauka nata ake tambaya, ta rubuta sunanta na yanka kamar yadda yake a takardunta. Nan take ta kama. Ta cike fom ɗin tsaf, ta tura, ta miƙe da murna za ta gaya wa uwarta.

A lokacin dutse na farko ya faɗo kan kwanon zauren.

Suka ce yara ne. Maikuɗi ya zaga bayan gida bai ga ko kaza ba. Washegari da almuru duwatsun suka dawo, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan ba shi da wani aiki. Waɗanda suka gangaro tsakar gida Taiba ta taɓa su, jiƙe suke da laka mai sanyi alhali an yi wata biyu ba a ga ruwan sama ba. Da jifan ya tsaya gidan ya yi shiru, irin shirun da har tafasar tukunya kan yi ƙara. Sai wata murya daga zaure, inda babu kowa, ta kira a hankali: "Batulu."

Maikuɗi ya juya ya dubi ƙofar zauren. Sunan mahaifiyarsa ne, 'yar Dosara ta ƙasar Maradun, wadda ta rasu kafin a haifi yarinyar. Shi ya sa wa 'yarsa, shi ya sa kuma ake ce mata Ummi, don ɗa ba ya kama sunan uwarsa. Tun da aka gina gidan nan ba a taɓa furta shi a ciki ba. Yau ga shi ana kiransa gatsal daga zaurensa. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne yadda Ummi ta ajiye kwanon hannunta ta ce "Na'am," ta nufi zauren kamar wadda aka aika.

A yamma ta uku ta faɗi. Idanunta suka kafe sama, yatsunta suna buga ƙasa kamar tana rubutu a kwamfuta. Aka kai ta asibiti, aka auna jini, aka ce lafiyarta lau. Da rana takan zauna shiru, ta ci ɗan abinci, ta manta abin da aka ce mata. Da rana ta karkata sai Taiba ta fara kuka tun kafin jifan ya soma, don ta san abin da ke tafe kuma ba ta da yadda za ta yi da shi. Maikuɗi ya kashe kwamfutar, ya zare ta daga sola, ya lulluɓe ta da zane. Muryar ba ta fasa ba.

Barau ya dawo da ɗan ƙarfensa. Ya buɗe jerin, babu wata ɓoyayyar hanya. Ya bincika cikin kwamfutar, ta nuna ba ta taɓa hawa intanet ba tun da aka ƙera ta. Amma ga saƙo a wayar Ummi cewa makaranta ta karɓi fom ɗinta. Ya daɗe yana kallon saƙon, sannan ya tattara kayansa.

"Malam Maikuɗi, wanga ba aikina na ba," ya ce. "Ku nemi masu shi."

Masu shi ɗin, kowa ya ce Malam Jibrin na Damri ne, can ƙasar Bakura. Maikuɗi ya tafi da sassafe, don ba hanyar da ake bari yamma ta riski mutum ba ce, ya dawo da shi bayan azahar. Ɗan tsoho ne siriri, ba ya da wani kwarjini, gaisuwarsa kaɗai ta ci rabin sa'a. Tambayoyinsa ma irin na Barau ne: yaushe abin ya fara, me aka taɓa na ƙarshe, wa ya taɓa. Da Taiba ta ba shi labarin ɓoyayyar hanya da sunan da aka rubuta, sai ya sunkuyar da kai.

"Kun san mi aka ce ma waɗanda ba a gani?" ya tambaya.

Taiba ta ce a hankali, "Mutanen ɓoye."

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a zauren, aka zaunar da Ummi, uwarta tana riƙe da kafaɗunta. Malam ya yayyafa ruwan magarya ya fara karatu. Ya daɗe. Inuwar ƙofa ta yi tsawo har ta hau bango. Sai jikin yarinyar ya sandare, wata murya tsohuwa mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ka ƙona ni, malam. Mi ni yi maka?"

"Kai wa na, kuma mi kaka nema ga ɗiyar mutane?"

"Hanyarmu ta nan ta bi zuwa fadama tun ba a aza tubalin gidanga ba. Ba mu taɓa kowa ba. Sai anka kawo akwati mai ƙaho biyu, dare da rana shina kira, wa ke nan, wa ke nan, ba ko sallama. Munka yi haƙuri. Sai ita ta ƙwanƙwasa ƙoharmu, ta miƙo sunanta da hannunta. Ni karɓa. Takardatta ma ni ni kai ta inda taka so. Ina laihina?"

"Ba ta sani ba. Kuskure na. Ka ji tsoron Allah ka fita."

"Abin da anka ba mu ba mu maishe shi."

Maikuɗi ya ce zai ba da rago, zai ba da sa, Malam ya ɗaga masa hannu ya ce ba a yanka don wanin Allah. Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Ummi ta yi ta birgima, duwatsu suka zubo kan kwano kamar ƙanƙara, Taiba tana salati. Gumi ya jiƙa rigar tsohon. Can muryar ta yi ƙara.

"Za ni fita! Amma da abina za ni tahi."

"Suna ta ba ka, ba jiki ba," in ji Malam. "Saki jikin."

Muryar ta sauko. "Na yarda. Sunan nawa na. Ran da wani nata ya kira ta da shi, kirana ya yi, kuma in na dawo ba ni fita."

Malam ya juyo ga Maikuɗi, gajiya ta bayyana a fuskarsa. "Iyakar abin da ni iya ke nan. Ka yarda?"

Maikuɗi bai ko yi tunani ba. Sunan da dama ba a kira, me zai rage musu? Ya ce ya yarda. Babban yatsan ƙafar Ummi na hagu ya yi karkarwa, ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji. Ana kiran magariba ke nan, kuma babu dutse ko ɗaya da ya faɗo.

Malam ya sa aka kwance ƙahonin biyu aka binne su nesa da gida. Barau ya zo ya haɗa kwamfutar da na'urar da doguwar waya, ta kama nan take, ba ta sake gardama ba. Ummi ta murmure, dariyarta ta dawo tsakar gida. Iyayen suka yi ta godiya ga Allah, a ganinsu sun tsira da araha.

Bayan wata biyu makarantar ta kira masu nema tantancewa. Maikuɗi ya kai ta da kansa. Suka zauna kan benci cikin taro, wani jami'i yana kiran sunaye daga tebur. Ya kira nata. Ummi tana kallon farcenta. Ya sake kira, ya kira na uku, ko gezau ba ta yi ba. Uban ya taɓa ta.

"Ummi, ke aka kira."

"Ni, Baba? Ban ji ba."

Ya ja ta gaban teburin. Jami'in ya tambaye ta sunanta, ta ce Ummi. Ya ce ba shi ke rubuce ba, ya juyo mata takardar ya nuna layin da yatsa. Ta karanta ranar haihuwarta, ta karanta garinsu, ta tsaya a layin ta ce wurin ba a rubuta komai ba. Jami'in ba mugun mutum ba ne, ya dai ga masu zuwa da takardun wasu sun yi yawa. Ya dubi Maikuɗi.

"Baba, idan 'yarka ce, faɗi sunanta mu wuce wurin."

Maikuɗi ya buɗe baki. Sunan yana kan harshensa, harafi shida kacal, ga 'yarsa tana kallonsa tana jira ya cece ta. Ya tuna abin da zai amsa idan ya kira. Ya tsaya haka bakinsa buɗe, hawaye na bin gemunsa, har mutanen baya suka fara gunaguni. Jami'in ya ajiye takardar gefe ya kira na gaba.

A mota suka kamo hanyar gida har suka hango gari. Sannan Ummi ta matso kusa da shi ta tambaya a hankali, don kada fasinjoji su ji.

"Baba, wai mi as sunana?"

Ya kalli taga. "Ummi," ya ce.