Sunan Fatihu Ya Ƙi Gogewa

Ana kiran sallar magariba, Luba na kwashe tuwo, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Gidan ya yi tsit. Sai 'yarta Tahira ta ɗago kai daga alwala ta ce, "Inna, an sako ruwa?" Da muryar wanta Fatihu ta yi maganar, shi da magudanar ruwan Watari ta ci tun kafin azumi.

Mijin Luba, Malam Basiru, shi ke fitar wa manoman rani takardar layin ban ruwa da tsohuwar kwamfutar ƙungiya. Manhajar cikinta ta tsufa. Ko ya saita ta kada ta fito da mamata, da an kashe an kunna sai ta koma gidan jiya. Kowace Asabar sunan Fatihu sai ya fito, har da ranar ruwansa. Mai gyara ya ce ciwon tsofaffin manhajoji ne kawai. Amma wa zai gaya wa uwa haka? Luba takan riƙe takardar a bakin zaure, ta kira sunan a hankali, kamar mai kiran yaro cin abinci.

Ga shi kuwa an amsa mata.

Tun daga ranar, kowace magariba muryar sai ta dawo ta bakin Tahira. Ita kuwa ta daina ci, ta rame kamar kara. Luba kuwa, Allah ya yafe mata, har ɗokin magariba take yi.

Basiru ya ɗauko wani malami daga Makoda. Malamin ya yi ta karatu har yarinyar ta soma makyarkyata.

"Wane ne kai?" in ji malamin.

"Mazaunin magudanar nan ne ni. Na saba da waƙar yaron a bakin ruwa. Na ji ana ta kiransa ba mai amsawa, tausayi ya kama ni," in ji wata baƙuwar murya daga bakin Tahira.

"Ka ji tsoron Allah ka fita. Kashe ta kake yi."

"Zan fita. Amma wadda ta kira, ita za ta sallame ni. Ta faɗa da bakinta cewa ɗanta ya mutu."

Luba ba ta taɓa furta kalmar nan ba. Muryar ta yi laushi, ta koma ta Fatihu sak.

"Inna, korata za ki yi?"

Luba ta kama hannun Tahira, ta ji ƙashi zalla. 

"Fatihu ya rasu," ta ce. "Allah ya jiƙansa."

Tahira ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce "Inna" da 'yar muryarta.

Luba ta rungume ta ƙam. Ranar ce ta fara yi wa ɗanta kuka.